Bayan An Cire Nono, Wa Ke Tambayar Lafiyar Ƙashi?

  Yau zan ajiye batun farashin goro da kuɗin lodin tirela, in taɓo wata magana da ta shafi iyayenmu mata da yayyenmu da matan aurenmu, wato sankarar mama, wadda wasu ke kira dajin nono. Ra'ayina shi ne, mu a zango mun ɗauki ranar da aka yi wa mace tiyata aka cire nonon a matsayin ranar da jinya ta ƙare, alhali daga wannan rana ce ya kamata a fara sa ido a kan ƙashinta. Kuma tun da mu maza ne ke riƙe da kuɗin mota da na magani, to nauyin yana wuyanmu.

Bari mu fara da girman matsalar. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da wannan cuta a duniya cikin wannan shekara kaɗai, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A nan Najeriya an ƙiyasta sabbin kamuwa sama da 32,000, mace-mace kuma sama da 16,000, wato kusan rabi ke nan. Babu wani daji da ya kai shi yawa a tsakanin matan ƙasar nan, kuma yawancinsu ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Abin lura a nan shi ne, ƙullutun da ke cikin nono da wuya ya kashe mace matuƙar ya tsaya a inda yake. Abin da ke kisa shi ne bazuwar cutar zuwa wasu sassan jiki. Inda ta fi sauka kuwa shi ne ƙashi, domin a cikin mata 10 da cutar ta bazu a jikinsu, kimanin 7 za a same ta a ƙashinsu, musamman ƙashin baya da ƙugu da haƙarƙari da saman cinya da ƙoƙon kai.

To me ya sa ƙashi? Wani likitan tiyata a Landan mai suna Stephen Paget ya yi wannan tambaya tun a 1889. Ya bi takardun binciken gawarwakin mata 735 da sankarar mama ta kashe, sai ya ga cutar tana da wuraren da ta fi so, ba ko'ina take sauka ba. Bayanin da ya kawo duk wanda ya tashi a gidan noma zai gane shi nan take. Ya kwatanta ƙwayoyin daji da iri, sassan jiki kuma da ƙasa. Iska na iya watsa iri ko'ina, amma ba ya tsiro sai inda ƙasar ta karɓe shi. Shekara sama da 130 ke nan, har yau a kan wannan kwatance likitoci ke gina bincikensu. Ƙashi, da ɓargon da ke cikinsa, shi ne fadamar wannan iri.

Da yawanmu muna ɗauka ƙashi kamar busasshen icce yake, da zarar mutum ya gama girma shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi rayayyu ne, kullum ana rushe su ana sake gina su, kamar gidan ƙasa da ake kankare wa tsohon yaɓe a sa sabo. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu wannan aiki, bari in kira su marusa da magina. Marusa su cinye tsohon ƙashi, magina su bi baya su cike gurbin. A shekara ana sabunta kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙashin mutum. Kayan ginin kuwa su ne sinadarin kalsiyam da fosfaras, kuma kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake ajiye. Yawan waɗannan ma'adinai da ke danƙare a cikin ƙashi shi ne abin da zan riƙa kira cikar ƙashi. Mutum na kai ƙololuwar cikar ƙashinsa wajen shekara 30, daga nan sai a fara cin jari a hankali. Ana auna ta da wata na'urar hoto da ake kira DXA, wadda ke ba da maki. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1994, daga maki -1 zuwa sama lafiya lau ne, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara raguwa, daga -2.5 zuwa ƙasa kuma ya zaizaye, yana iya karyewa da ɗan ƙaramin abu.

Yanzu ga inda cutar ke shigowa. Idan ƙwayar daji ta biyo jini ta sauka a ɓargo, ita da kanta ba ta iya huda ƙashi. Sai ta yi dabara irin ta ɓarawon da ya haɗa baki da maigadi. Tana fitar da wani sinadari da ke zuga marusa su ƙara ƙaimi. Su kuma da sun rushe ƙashi, sai wasu sinadaran girma da ke binne a cikinsa su fito, ƙwayar dajin ta samu abinci ta hayayyafa, ta ƙara zuga marusa, su ƙara rushewa, ta ƙara ƙoshi. Haka abin zai yi ta juyawa har ƙashin ya zama rami-rami kamar azarar da gara ta ci. Ashe ke nan duk abin da zai sa marusa su fi magina sauri, tamkar zuba taki ne a gonar cutar.

Babban abin da ke taka wa marusa burki a jikin mace shi ne sinadarin mata da ake kira istrojin, wanda gidan ƙwai ke samarwa. Da zarar jinin al'ada ya ɗauke, istrojin ya faɗi, sai marusa su samu sake, har mace na iya rasa kashi 10 cikin 100 na cikar ƙashinta, ko fiye, cikin 'yan shekarun farko. Masu bincike a jami'ar Sheffield ta Ingila sun gwada wannan a jikin ɓeraye a 2014. Ɓerayen da aka cire wa gidan ƙwai ƙashinsu ya shiga rushewa da sauri, kuma ƙwayoyin dajin da ke kwance a ɓargonsu suka farka suka tsiro a jikin yawancinsu, alhali a cikin waɗanda ba a cire wa ba kaɗan ne abin ya tsiro musu. Da aka ba su maganin da ke daƙile marusa, sai tsiron ya tsaya. A jikin mutane ma, wani binciken Ingila na 2018 ya nuna matan da gwajin jininsu ya nuna ƙashinsu na saurin rushewa da sabuntawa tun a farkon jinya, sun fi fuskantar dawowar cutar a ƙashi daga baya.

Wannan batu na kwanciyar ƙwayoyin daji shi ne ya fi tayar mini da hankali. Suna iya lafewa a ɓargo shekara da shekaru ba tare da wata alama ba. A 2017 an buga wani nazari da ya bi mata kusan 63,000 masu nau'in sankarar da istrojin ke ciyarwa, waɗanda suka sha magani na shekara 5 suka gama. An ga cutar ta ci gaba da dawowa wasunsu har zuwa shekara ta 20, daga kashi 13 cikin 100 ga masu ƙaramin ƙullutu da bai taɓa kaluluwar hammata ba, zuwa kashi 41 ga waɗanda nasu ya fi girma ya kuma kama kaluluwa da yawa. Wannan nau'i kuma shi ne ya fi son ƙashi. Saboda haka wanda ya ce an cire nono an huta, bai san dawan garin ba.

Amma kada wani mai tallar magani a mota ya ɗauki maganata ya ce ga garin ƙarfafa ƙashi mai hana daji bazuwa. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Bincike biyu da aka yi a Amurka a 1996 da 1997 sun nuna tsofaffin mata masu cikar ƙashi sosai sun fi masu raunin ƙashi kamuwa da sankarar mama tun farko. Dalili kuwa shi ne ƙashi mai cika alama ce ta jikin da ya daɗe yana samun istrojin da yawa, shi kuma istrojin kamar yadda yake kare ƙashi haka yake ciyar da wani nau'in dajin. Sannan akwai wata allura mai suna denosumab. A wani gwaji da aka yi a Ostiriya aka buga a 2015, ta rage karayar ƙashi da rabi ga mata masu jinyar sankarar mama. Amma da aka gwada ta a kan mata kimanin 4,500 don a ga ko za ta hana cutar sauka a ƙashi, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna ba ta hana ba. Darasin shi ne, makin cikar ƙashi shi kaɗai ba ya faɗa maka wadda cutar za ta bazu a jikinta da wadda za ta tsira. Abin da ya fi nauyi shi ne saurin rushewar ƙashin, da nau'in dajin, da matakin da aka kama shi.

Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne a kan wani rukunin magunguna da ke manne wa ƙashi su kashe kaifin marusa, wanda mafi shahara a cikinsu shi ne zoledronik asid, da aka fi sani da sunan Zometa. A 2015 mujallar Lancet ta tattara gwaje-gwaje 26 da suka ƙunshi mata 18,766. A cikin 11,767 da al'adarsu ta riga ta ɗauke, dawowar cutar a ƙashi cikin shekara 10 ta sauko daga kashi 8.8 zuwa 6.6 cikin 100, mutuwa sanadiyyar cutar kuma ta sauko daga kashi 18 zuwa 14.7. A lissafin kasuwa, a kowace mace 100 an tsirar da rayuka 3 ke nan, da ƙarin ruwan da ba ya wuce 'yan mintoci, sau ɗaya a wata 6. Ga matan da ke ganin al'ada kuwa ba a ga wannan riba ba. Maganin yana da sharuɗɗa: sai an duba ƙoda, sai an duba haƙora, domin yakan jawo matsala a muƙamuƙi idan aka cire haƙori ana cikin karɓarsa. Likitan daji ne kaɗai zai ce wance ta dace da shi, wance ba ta dace ba. Abin tambaya shi ne, mu nawa ne a cikinmu muka taɓa buɗe baki muka tambayi likita wannan?

Bugu da ƙari, shi kansa maganin dajin yana cin ƙashi. Ƙarin ruwan kemo kan tsayar da al'adar mace 'yar shekara 40 tun lokacinta bai yi ba. Ƙwayoyi irin su letrozol da anastrozol, da ake ba matan da al'adarsu ta ɗauke su sha na tsawon shekara 5 ko fiye, aikinsu shi ne ƙarar da ɗan istrojin ɗin da ya rage, don haka suna rage cikar ƙashi kuma suna sa ciwon gaɓoɓi. Tamoksifen kuwa yana ɗan kare ƙashin wadda al'adarta ta ɗauke. Don Allah kada wata ta karanta wannan ta ajiye maganinta, domin waɗannan ƙwayoyi su ne katangar da ke tsakaninta da dawowar cutar. Abin da ake so shi ne a sha su, a kuma kula da ƙashi a lokaci guda.

Yanzu bari mu dawo gida, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Idan Hajiya ko Inna ta ce bayanta na ciwo, ko ƙugunta, me muke cewa? Sanyin ƙashi ne, amosani ne, tsufa ne, damunar kurmi ce mai shiga jiki. Sai a aiki yaro kemis ya haɗo na ciwon jiki, a sayo man zafi, a jiƙa sassaƙe. Babu mai tuna cewa shekara 3 ko 4 da suka wuce an yi mata aiki a nono, don an riga an yi walimar samun sauƙi an rufe babin. A layinmu an yi wata baiwar Allah, maƙwabciyar mahaifiyata, wadda ta yi wata da watanni tana kukan ƙugu bayan shekaru da yi mata tiyata. Rana ɗaya ta yunƙura za ta tashi daga tabarma, cinyar ta karye. Aka kira mai ɗori ya ɗaure da karare, aka yi makonni ana jira, ƙashi ya ƙi kamawa. Sai da aka ɗauki hoto aka ga ashe cutar ce ta cinye wurin. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Ban raina sana'ar ɗori ba, gadon gidaje ce, kuma har Yarbawa da Ibo suna zuwa zango neman masu ita. Amma ƙashin da daji ya rarake daban yake da na yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro. Ja da murɗa da matsa irin wannan ƙashi na iya ƙara farfasa shi, idan kuma a gadon baya ne yana iya taɓa laka mace ta shanye daga ƙugu zuwa ƙasa. Roƙona ga masu ɗori shi ne tambaya ɗaya tak kafin su taɓa kowace mace: an taɓa yi miki aiki a nono, ko kina da ƙullutu? Idan ta ce e, to su ce a tafi asibiti. Wannan ba zai rage musu daraja ba.

Ga alamomin da ya kamata kowane gida mai irin wannan majinyaciya ya haddace. Na farko, ciwon ƙashi a wuri ɗaya da ya wuce mako 2 ko 3, ba ya lafawa da hutu, kuma ya fi tsanani da dare. Na biyu, karaya ba tare da wata babbar faɗuwa ba. Na uku, yawan ƙishirwa da yawan fitsari da taurin bayan gida da tashin zuciya da ruɗewa, wanda ke nuna kalsiyam ya kwararo daga ƙashi ya cika jini, mu kuwa sai mu ce iska ce ko sammu. Na huɗu, wanda ya fi kowanne gaggawa, ciwon baya tare da nauyin ƙafafu ko dindiris, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida. Wannan ba ya jiran gari ya waye, domin sa'o'i kaɗan ke raba wadda za ta ci gaba da tafiya da wadda za ta kwanta har ƙarshen rayuwa. A kuma sani cewa na'urar DXA cikar ƙashi kawai take aunawa. Gano ko cutar ta sauka a ƙashi sai da wasu hotunan daban, irin su hoton ƙashi na yau da kullum da CT da MRI.

Wata ɗabi'ar tamu kuma ita ce, da ciwo ya yi tsanani sai a ce a kai ta gida. A shimfiɗa wa mai rarakakken ƙashin baya katifa a mota, a yi tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Legas zuwa Kano a kan ramukan hanya, katin asibiti da sakamakon gwaje-gwaje kuma an baro su a nan. Abin mamaki, babu al'ummar da ta kai mu kusanci da manyan asibitoci. Daga Sabon Ibadan zuwa asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe tun 1957, kuɗin tasi ɗaya ne. Mutanen Idi-Araba kuwa katanga ce ta raba su da LUTH, inda aka buɗe cibiyar jinyar daji ta zamani a 2019. Akwai kuma asibitocin koyarwa na Benin da Inugu. Idan dole ne a koma Arewa saboda masu jinya, to a karɓi takardar likita da duk hotuna, a nufi Shika ko Kano ko Sakkwato ko Gombe da su, kada a sauke ta a ƙauye a zauna.

Na san abin da wani zai ce: Malam, kuɗi fa? Gaskiya ne, jinyar daji tana cinye jari, na ga wanda ta raba da rumfarsa. Amma a lissafa abin da ake kashewa a kemis da ɗori da hayaƙi da kuɗin mota zuwa Arewa a dawo, a kwatanta da kuɗin hoto ɗaya da aka ɗauka da wuri. Sannan a 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa galihu masu dajin mama da na bakin mahaifa da na prostate na maza, aka fara da asibitoci 6, ciki har da na Ibadan da Benin da Inugu, saboda haka a tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ko akwai tallafin da za a iya nema. Wani kuma zai ce ai in ta kai ƙashi ba ta warkewa, to wahalar me za a yi? E, ba a cika raba mace da ita gaba ɗaya ba a wannan mataki, amma ana riƙe ta. Mata da yawa suna shekaru suna harkokinsu, suna aurar da 'ya'yansu. Haska wurin da na'urar ƙona daji, ko da sau ɗaya ne, yana rage ciwon ga mafi yawan masu shi, kuma likitan ƙashi na iya sa ƙarfe a cinya tun kafin ta karye. Ajali na Allah ne, amma barin uwa tana kwana tana nishi alhali akwai abin yi, wannan sakacinmu ne.

Saboda haka duk wanda zai raka majinyaciya ganin likita, ya rubuta tambayoyi 4 a takarda. Wane nau'in daji ne, istrojin na ciyar da shi ko kuwa? Maganin da take sha yana rage ƙashi? Tana buƙatar awon cikar ƙashi ko ƙarin ruwan kare ƙashi? Yaushe za mu dawo? Idan ba ta jin Turanci ko Yarbanci, a haɗa ta da 'yarta ko ƙanwarta mai ji, don akwai abin da uwa ba za ta faɗa a gaban ɗanta namiji ba saboda kunya.

A gida kuma akwai abin yi. Babbar mace na buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana, kuma abincinmu na gado yana da shi: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, tamba, wake, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Jiki ba ya tsotsar kalsiyam sosai sai da bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta, ga shi kuwa matanmu da yawa suna wuni a ɗakunan haya masu duhu. A bar su su sha hantsi a tsakar gida, su riƙa ɗan tattaki, domin ƙashi na ƙarfafa ne idan yana ɗaukar nauyin jiki. A guji ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksametazon da firedinisolon da ake sha ba da izinin likita ba, don suna zaizaye ƙashi. Waɗannan duk don kare ta daga karaya ne, ba za su maye gurbin maganin daji ba. Masu shayarwa kuma kada su tsorata: ƙashi kan ɗan ragu lokacin shayarwa amma yana dawowa bayan yaye, ita shayarwar ma tana rage haɗarin kamuwa da sankarar mama.

Daga ƙarshe ina kira ga sarakunan Hausawa da limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari. Yadda muke haɗa kuɗi cikin awa ɗaya idan za a kai gawa ko a karɓo belin wani, haka ya kamata mu ware wani abu don hoto da gwajin iyayenmu mata tun suna tafiya da ƙafafunsu. Malaman Islamiyyar matan aure su gayyato ma'aikaciyar jinya ko sau ɗaya ne a zango ta yi wa ɗalibai bayani. Kai kuma ɗan uwa, idan akwai wadda aka taɓa yi wa wannan aiki a gidanku, yau in ka taso daga kasuwa ka zauna kusa da ita ka tambaye ta ko akwai inda ke mata ciwo, ka kuma nemo katin asibitinta ka duba ranar da aka ce ta koma.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.